Tufka da Warwara: Wa Ke Yanke Abin da Yaranmu Za Su Karanta?

Duk wanda ya ratsa layin masu littattafai a kasuwar Sabon Gari ta Kano a makon komawa makaranta ya san yadda wurin ke ɗinkewa. Iyaye ne birjik, kowa riƙe da 'yar takardar da makaranta ta aiko da ita, ana bi shago-shago. Mai shago zai karɓa ya duba, ya shiga ciki ya fito da shida ko bakwai, ya ce sauran ba su iso daga Ibadan ba tukuna. Uba ya tambaya ko wanda yayan yaron ya bari a gida zai yi. Sai a girgiza masa kai, a ce an sauya manhaja.

Sau da yawa wannan amsa dabarar ciniki ce kawai. Amma a watan Satumban 2025 gaskiya aka faɗa masa. Ana saura 'yan kwanaki a buɗe makarantu, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da cewa ta yi wa manhajar firamare da sakandare garambawul, kuma za a fara aiki da ita a zangon da ake shirin shiga. Bayan wata biyu kuma ministan ilimi ya soke tsarin koyar da yara da harshen uwa, tsarin da gwamnatin da ta gabata, wadda jam'iyyarsu ɗaya, ta amince da shi shekara uku kacal kafin nan.

Manhaja ita ce ke faɗin abin da za a koya wa yaro, a wane aji, da wane harshe, cikin awa nawa. A ido kamar takardar ƙwararru ce da ba ta shafi kowa ba. Amma kusan shekara 20 ke nan da wuya a samu abin da ke fito da limami da fasto da ɗan majalisa da ɗan gwagwarmaya fage ɗaya kamarta. Abin dubawa shi ne a kan me ake ta da jijiyar wuya, a kan me kuma ake yin gum.

Daga Ɗan Hausa zuwa taron Legas

Gardamar ta girmi Najeriya mai 'yanci. Makarantar da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa ake karatu a cikinta, kuma akwai sashen koyon sana'a irin su dukanci da ƙira da kafinta. Wasu na ganin hikima ce, wasu kuma har gobe na cewa dabara ce ta hana 'yan Arewa Turancin da zai buɗe musu ido kamar na Kudu.

Bayan samun 'yanci, a 1969, aka yi babban taron manhaja na ƙasa a Legas, inda malamai da iyaye da 'yan kasuwa da ma'aikata suka ce karatun da Bature ya bari na samar da akawu ne. Daga wannan taro aka samo Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, da tsarin 6-3-3-4 da ya fara aiki a farkon shekarun 1980. A 1988 aka kafa hukumar NERDC, wadda tsara manhaja ke wuyanta. A 1999 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato, daga nan kuma aka fito da manhajar shekara tara da ta haɗe firamare da ƙaramar sakandare.

A cikin wannan manhaja ta shekara tara ne aka shuka yawancin rigingimun da ake girba yau.

Tarihi: darasin da ake ta dawo da shi

Daga zangon karatu na 2009/2010 darasin Tarihi ya ɓace daga matakin farko a matsayin darasi mai cin gashin kansa. An tsinci ɗan abin da ya rage daga cikinsa an zuba a darasin ilimin zamantakewa. Hujjar da aka bayar ita ce ɗalibai na gudunsa, malamansa sun yi ƙaranci, wanda ya karanta shi kuma ba ya samun aiki.

Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya, wadda su Farfesa Kenneth Dike suka kafa tun 1955, ba ta yi barci ba. Ta yi ta taruka, ta yi ta rubuce-rubuce, ta yi ta sallama a ofisoshin gwamnati. Marubuta a jaridu suka tallafa mata, suna kukan cewa an yi zuri'ar da ba ta san Sardauna daga Awolowo ba, ba ta san abin da ya haddasa yaƙin basasa ba sai abin da ta tsinta a Facebook.

Ministan ilimi na wancan lokaci, Malam Adamu Adamu, ya karɓi koken. A 2016 aka ce za a dawo da shi. A 2018 aka ƙaddamar da manhajarsa. A 2019 aka umarci makarantu su fara. A watan Nuwamban 2022 aka sake yin biki a Abuja, aka ce za a horar da malamai 3,700, wato ɗari-ɗari daga kowace jiha da Babban Birnin Tarayya. A 2025 kuma aka sake shelar cewa Tarihi ya zama dole daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare.

Yawan shelar nan kaɗai ya isa ya nuna inda gizo ke saƙa. Jiha kamar Kano tana da dubban makarantun firamare na gwamnati. Malami ɗari ina za su kai?

Akwai kuma tambayar da ba a cika son taɓawa ba: tarihin wa za a koyar? Yadda ake ba da labarin jihadin 1804 a Sakkwato daban yake da yadda ake ba da shi a Argungu ko Abuja ta Zazzagawa, wato Suleja, balle a tsaunukan Filato. Abin da ya faru a Janairu da Yuli na 1966 daban ake jin sa a Kaduna, daban a Inugu. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya ƙarar da rayuwarsa yana koya wa ɗalibansa a Zariya su tuhumi kowace ruwaya, su tambayi wanda ya kawo ta da abin da yake nema. In har Tarihin da aka dawo da shi jerin sunayen sarakuna da shekaru ne da za a haddace a zubar ranar jarrabawa, to an yi ba a yi ba.

Ƙurar 2017

Rigimar da ta fi kowace zafi ita ce ta addini. A 2012, zamanin Shugaba Jonathan, aka sake duba manhajar shekara tara saboda kukan da ake yi cewa darussa sun yi wa yara yawa, wasu azuzuwan har kusan 20. Sai aka tattara su rukuni-rukuni don kada su wuce goma. Ɗaya daga cikin rukunan aka sa masa suna Addini da Ɗabi'un Ƙasa, aka cusa a ƙarƙashinsa ilimin addinin Musulunci, da na Kirista, da ilimin zamantakewa, da na zama ɗan ƙasa, da na tsaro. A 2014 aka fara aiki da shi ba tare da wata hayaniya mai yawa ba.

Sai da mulki ya koma hannun Buhari maganar ta tashi da ƙarfinta. A tsakiyar 2017 Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, ƙarƙashin Rabaran Samson Ayokunle, ta kai kuka fadar shugaban ƙasa wurin Farfesa Yemi Osinbajo, wanda ke riƙon ƙwarya lokacin Buhari na jinya a Landan. Zarginta shi ne an shafe darasin addinin Kirista an bar na Musulunci, kuma ana so a tura 'ya'yan Kiristoci karatun Larabci ta bayan gida, tunda tsakanin Larabci da Faransanci ake zaɓa, malaman Faransanci kuma sun yi ƙaranci. Kafin ka ce kwabo, kalmar “Musuluntar da Najeriya” ta cika majami'u da wayoyin jama'a.

Hukumar NERDC, ƙarƙashin marigayi Farfesa Ismail Junaidu, ta fito ta ce ba darasin da aka soke, ba kuma yaron da za a tilasta wa karanta addinin da ba na iyayensa ba. Ta tuna wa jama'a cewa gwamnatin da Kirista ke shugabanta ce ta tsara abin. Ƙungiyoyin Musulmi sun yi tir da zargin Musuluntarwar, amma su ma haɗin bai kwanta musu ba, don ba wanda ke son a mayar da addininsa babi ɗaya a cikin littafin gwamutse. Majalisar Wakilai ta sa baki. Kafin watan Yulin shekarar ya ƙare, an ba da umarnin a raba darussan biyu kowa ya tsaya da ƙafarsa.

Cikin 'yan makonni aka warware abin da aka shekara ana tsarawa. Duk ɗan siyasar da ke kallo ya ɗauki darasi: manhaja tana lanƙwasuwa nan take idan masallaci da coci suka yi magana.

Tarbiyya da littafin da aka kwashe daga kasuwa

Haka abin yake a kan ilimin jima'i. A farkon shekarun 2000, lokacin da cutar ƙanjamau ke ɗibar rayuka, aka fito da manhaja a kan lamarin. Malaman addini daga ɓangarorin biyu suka ce ba su yarda ba, musamman a Arewa. Sai aka rage mata kaifi, aka sauya mata suna a 2003 ta koma Ilimin Zaman Iyali da Kariya daga Ƙanjamau, aka kuma bar wa kowace jiha damar daidaita ta da al'adarta.

A watan Nuwamban 2022 Malam Adamu Adamu ya umarci NERDC ta cire ilimin jima'i daga manhaja, yana mai cewa wannan aikin iyaye ne da malaman addini. Iyaye da yawa sun sa masa albarka. Gomman ƙungiyoyin farar hula kuma suka yi masa ca, matar tsohon gwamnan Ekiti, Bisi Fayemi, ta rubuta masa buɗaɗɗiyar wasiƙa tana roƙon ya sake tunani. Hujjarsu ita ce yarinyar da ba a koya mata sanin jikinta da gane mai son lalata ta ba, ita ce ke faɗawa hannun miyagu, kuma iyayen da ake cewa a bar musu aikin kunya ba ta barin su buɗe baki.

Kowane ɓangare na da abin kamawa. Uban da ke tsoron a koya wa ɗansa abin da ya saɓa wa addininsa ba jahili ba ne. Malamar da ta ga ɗalibarta 'yar shekara 13 da ciki ita ma ba 'yar koren Turawa ba ce.

A watan Oktoban 2023 wata ƙura ta tashi kan wani tsohon littafin koyon karatun Turanci mai suna Queen Primer, wanda makarantun kuɗi da yawa ke amfani da shi. A ciki akwai wata kalma da a tsohon Turanci take nufin mai fara'a, a Turancin yau kuma ta koma nufin ɗan luwaɗi. Hotunan shafin suka zagaye wayoyi. Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano ta kwashe ɗaruruwan kwafi daga kasuwa, gwamnatin jihar ta haramta shi tare da wasu littattafai, Majalisar Wakilai ma ta nemi a hana shi a ƙasa baki ɗaya.

Iyaye na da haƙƙin sa ido a kan kowane shafi da ake buɗe wa 'ya'yansu. Sai dai akwai tambayar da ƙurar ta rufe. Me ya sa har yanzu ake koya wa ɗan Fagge ko ɗan Tudun Wada haɗa baƙi da littafin da aka rubuta wa yaran Ingila fiye da shekara ɗari da suka wuce?

Kowane minista da tasa

A watan Oktoban 2024 Minista Farfesa Tahir Mamman ya sanar da sabuwar manhaja mai sana'o'i 15, ya ce za a fara a Janairun 2025. Ba a rufa mako biyu ba aka sauke shi. Wanda ya gaje shi, Dakta Tunji Alausa, likita ne da aka ɗauko daga Ma'aikatar Lafiya. Ya ɗage farawar zuwa Satumba, sannan aka sake fasalin abin.

Manhajar da shi da ƙaramar minista, Farfesa Suwaiba Sa'id Ahmad, suka fitar ta rage kaya. 'Yan aji ɗaya zuwa uku na firamare za su ɗauki darussa 9 zuwa 10, 'yan ƙaramar sakandare 12 zuwa 14, 'yan babbar sakandare 8 zuwa 9. Sana'o'in suka dawo shida: haɗa sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, sai noman lambu da na hatsi. An ƙara ilimin fasahar zamani. An kuma ce za a fara ne da 'yan aji ɗaya da aji huɗu na firamare da 'yan ajin farko na sakandaren biyu, a bi da su a hankali.

Gaskiya akwai abin yabo a ciki. Duk wanda ya taɓa ɗaga jakar ɗan firamare a makarantar kuɗi ya san an ɗora wa yara dala ba gammo. Sana'o'in da aka zaɓa kuma ba daga sama aka ɗebo su ba. Je ka Farm Centre a Kano ka ga samarin da ke ci da iyalinsu da gyaran waya, ka dubi rufin gidaje ka ƙirga farantan sola.

Ma'aikatar ta ce ta tuntuɓi masu ruwa da tsaki kafin ta yanke. Masu makarantu da malamai da ƙungiyoyin iyaye da dama kuwa kukansu ɗaya ne: ba a fafe gora ranar tafiya. Ina littattafan? Ina malamin da zai koyar da haɗa sola a makarantar da ko wuta babu? Ruɗani ya kai ga 'yan ajin ƙarshe da ke shirin jarrabawar WAEC ta 2026, inda aka shiga fargabar za a tambaye su darussan da ba a taɓa koya musu ba, har Majalisar Dattawa ta sa baki a ƙarshen 2025.

Dattawan malamai na tuna abin da ya faru da tsarin 6-3-3-4. Shi ma da alƙawarin sana'a ya zo. Aka shigo da injinan koyon fasaha daga Turai, aka rarraba wa makarantu. Da yawansu a cikin akwatunansu suka yi tsatsa, saboda babu ɗakin da za a kafa su, babu lantarki, babu mai sarrafa su.

Harshen uwa: hukuncin da ya fi kowane nauyi

Tun Manufar Ilimi ta 1977 doka ta tanadi a fara koya wa yaro karatu da harshen uwarsa ko harshen da ya fi yawo a yankinsu, Turanci ya kasance darasi, sai daga baya a juya. A ƙarshen Nuwamban 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta faɗaɗa wannan zuwa shekara shida ta firamare. Adamu Adamu da bakinsa ya ce aiwatarwa za ta ɗau lokaci, don sai an rubuta littattafai an horar da malamai.

A watan Nuwamban 2025, bayan taron Majalisar Ilimi ta Ƙasa a Akure, Dakta Alausa ya tsaya a wani taro da British Council ta shirya a Abuja ya ce an soke tsarin. Daga yanzu Turanci ne harshen koyarwa tun daga rabin aji har jami'a. Hujjarsa ita ce alƙaluma sun nuna yankunan da suka rungumi harshen uwa fiye da kima su ne ke faɗuwa warwas a WAEC da NECO da JAMB. Ba sai an faɗa ba, kowa ya san yankin da ake nufi.

Masu goyon bayansa ba su rasa abin cewa ba. Najeriya na da harsuna sama da 500, kaɗan ne daga ciki ke da daidaitacciyar ƙa'idar rubutu da littattafai. A Abuja ko Jos ko Kaduna aji ɗaya kan tara yara masu harsuna goma. A Kudancin Kaduna da Filato da Taraba da Adamawa akwai iyayen da ke ganin “harshen da ya fi yawo a yanki” wata ƙofa ce da Hausa za ta bi ta ƙarasa haɗiye harsunansu, kuma wannan tsoro ne da bai kamata Bahaushe ya raina ba. Sannan ga iyaye Hausawa kansu, waɗanda ma'aunin makaranta mai kyau a wurinsu shi ne yaro ya dawo gida yana Turanci. Da yawanmu mun taso a makarantun da monita ke rubuta sunan duk wanda ya yi “banakula”, a ci shi tara ko a zane shi.

Duk da haka hujjar ministan ba ta tsaya da ƙafarta ba. Yaron da ya rubuta WAEC a 2025 ya bar firamare tun kafin a san da tsarin 2022. Tsarin kansa bai taɓa sauka daga takarda ya shiga aji ba. Abin da ke faruwa a makarantar ƙauye a Jigawa ko Zamfara shi ne littafi da Turanci, allo da Turanci, jarrabawa da Turanci, malami kuma yana kame-kame da Hausa saboda shi ma Turancin bai zauna masa ba. Yaro ya fita bai iya karanta Hausa ba, bai iya Turanci ba, ba tsuntsu ba tarko. Wannan ba shi ake kira koyarwa da harshen uwa ba. An bar jaki ne ana dukan taiki.

Kuma ba a rasa gwaji a ƙasar nan ba. Daga 1970 marigayi Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na jami'ar Ife suka ɗauki wasu yara suka koya musu komai da Yarabanci tsawon shekara shida, Turanci kuma ƙwararren malami na koyar da shi a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, a fannoni da dama ma sun wuce su, kuma Turancinsu bai raunana ba. A nan Arewa, shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato da shirin RANA a Katsina da Zamfara sun samar da littattafan koyon karatu da Hausa, da jagoran malami, an kuma ga yara na haɗa baƙi suna karanta gajeren labari a azuzuwan farko.

Mu da muka yi karatun zaure ma ba ma buƙatar wani ya zo daga waje ya faɗa mana. Ɗaruruwan shekaru ke nan malam na zaune a kan buzu yana karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, yana fassara su kalma-kalma da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci. Ta wannan hanya aka samu malaman da suka rubuta littattafai da Larabcin da Larabawa ke jinjina wa. Da harshen da almajiri ya sani aka ja shi zuwa wanda bai sani ba. Babu dalilin da zai sa abin da ya yi wa Larabci aiki ya ƙi yi wa Turanci.

Ƙungiyoyin masana harshe da adabi na ƙasa sun fitar da sanarwa suna neman gwamnati ta janye. Malaman jami'a sun yi rubuce-rubuce. Amma in aka gwada da 2017, ko da ƙurar Queen Primer, shiru ne ya fi yawa. Ba a ji huɗubobi sun ɗauka ba, ba a ga dattawan Arewa sun yi ayari zuwa fadar shugaban ƙasa ba. Kalma ɗaya a tsohon littafi ta girgiza majalisa, hukuncin da ya shafi kowane darasi na miliyoyin yara kuma ya wuce salin-alin.

A 2025 ɗin dai, maƙwabciyarmu Nijar, wadda ta fara gwajin makarantun harshen gida a Damagaram tun 1973, ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta mayar da Faransanci harshen aiki. Ita ma da sauran tafiya a gabanta kafin abin ya isa aji, amma alƙiblar da ta fuskanta daban ce da tamu.

Ajin da manhajar za ta sauka

Duk wannan ja-in-ja ana yin sa ne a kan yaron da ya samu shiga aji. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na ƙiyasta cewa yara miliyan 18 zuwa 20 ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa. Cikin waɗanda ke zuwa kuma, kusan bakwai cikin goma na kaiwa shekara goma ba su iya karanta gajeriyar jimla su fahimce ta ba. Hukumar UBEC ta ce makarantun firamare na gwamnati na da giɓin malamai kusan 200,000. A 2017 Jihar Kaduna ta yi wa malamanta kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, sama da 21,000 suka kasa kai makin da aka gindaya. A 2025 malaman firamare na Abuja kanta sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki a kan mafi ƙarancin albashi.

A irin wannan aji, mai yara ɗari a zaune a ƙasa da malami ɗaya, ba a jin bambanci tsakanin darussa 15 da darussa 9. Sauya manhaja shi ne gyara mafi araha ga kowace gwamnati: kwamiti, taro a otal, sanarwa ga 'yan jarida. Ɗaukar malami da horar da shi da biyansa a kan kari kuwa kuɗi yake ci, kuma amfaninsa ba ya fitowa kafin zaɓe mai zuwa.

Wani abin da jama'a ba su cika lura da shi ba shi ne, tsarin mulkin 1999 bai ba Abuja ita kaɗai ikon ilimi ba. Jihohi da ƙananan hukumomi ne ke da makarantun firamare, su ke ɗaukar malamai. Jihar Legas ta yi dokarta a 2018 ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantunta. A Majalisar Dokokin Kano ma an gabatar da ƙudiri a ƙarshen 2025 na koyarwa da Hausa. Ke nan gwamnonin Arewa ba su da hujjar naɗe hannu su ce daga sama aka yanke.

Kiranmu gare su da 'yan majalisun jihohi shi ne su tsaya a kan azuzuwa uku na farko. A bar yaro ya fara iya karatu da rubutu da lissafi da harshen da yake ji, Hausa ne ko Fulatanci ko Barbarci ko Nupanci ko Tibi, inda kuma harsuna suka cakuɗe a bar iyayen wurin su zaɓa. A ba Turanci malaminsa na musamman tun daga aji ɗaya. A sake buga littattafan Mu Karanta da na RANA da kuɗin jiha, kada a jira masu ba da agaji. Malamanmu na addini, waɗanda aka ga tasirin muryarsu a 2017 da 2023, su ɗauki wannan magana su hau mumbari da ita.

Kai kuma mai karatu, in kana da ɗa ko ƙane a aji uku, kira shi yau da daddare ka miƙa masa wannan shafi ya karanta maka layi biyu. Abin da ka ji, ka tafi da shi taron iyaye da malamai na gaba, ka kuma kai wa ɗan majalisar mazaɓarku.